Yadda Aka Goge Amsata Kan Ruwan Tudun Kanya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na bara, aka fara zaluntar Tudun Kanya. Ni Malam Ilu, tsohon hedimastanku, na bi diddigin maganar har birni. Ku saurara, hukuncin naku ne.

Wata ƙungiya ce ta yi niyyar haƙa rijiyar burtsatse ɗaya a garin da ya fi wahalar ruwa a yankinmu. Ta ce a bi gida-gida a tambaya: wanda ruwa ya wadace shi a ba shi maki biyar, wanda yake shan baƙar wuya a ba shi ɗaya. Rijiyarmu kun san ta, da bazara taɓo take bayarwa. Mutum uku aikin ya bi ta hannunsu.

Lantana ce ta zo tambaya. Duk zauren da ta yi sallama ta tarar da namiji ta ce, "Baba, yaya ruwa?" sai mai gida ya ce, "Alhamdu lillahi, 'yata." Wa zai yi wa baƙuwa kuka a ƙofar gidansa? Ita kuwa sai ta rubuta biyar. Da na tuhume ta, cewa ta yi, "Malam, an hana mu sa wa mutum magana a baki. Abin da na ji na rubuta."

Shitu ne ya shigar da amsoshin cikin kwamfuta. Matan garin, waɗanda su ne ke tace taɓon nan da ɗankwali, da yawa sun ƙi amsawa don mazansu suna gona. Gurbinsu ya zauna babu komai. Manhajar lissafin ta ƙi aiki da gurbi, sai ya cike kowanne da uku, wai tsaka-tsaki. Ya ce da bai cike ba, da an jefar da sunan garin gaba ɗaya, taimakonmu ya yi.

Dakta Mudi ne ya yi nazarin ƙarshe. Ya umarci manhajar ta cire duk amsar da ta yi nisa da ta jama'a, don irin wannan galibi kuskuren rubutu ce. A garin nan mu kaɗan ne muka buɗe baki muka ce ɗaya: ni, da ungozoma Tabawa, da mai shayin bakin kasuwa. Mu aka cire. Na ce masa, "Dakta, ni ne kuskuren?" Ya gyara tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙa'ida ce, ba kai na sani ba, lamba na gani."

Sakamako ya nuna Tudun Kanya ta fi kowa wadatar ruwa. Rijiya ta tafi wani gari, jikokina suna nan suna shan taɓo.

Kowannensu ya rantse bai yi ƙarya ba, kuma na yarda. Kowanne ya ce da sauran biyun sun yi daidai, nasa bai isa ya hana mu ruwa ba. Ƙungiyar ta amince a sake tambayar, amma ni ban janye ba: sai an tsaya a kasuwa ranar Laraba, gaban matan nan, an ce an yi mana ba daidai ba, a yafe. Sun ce mutum ɗaya za su turo, mu zaɓa.

To, jama'a, tsakanin wadda ta rubuta godiyarmu, da wanda ya amsa a madadin matanmu, da wanda ya goge masu gaskiyarmu, wa za mu kira ya tsaya?