Ustaz Ɗin da Bai Sauka Daga Babur Ba

An yi wani mutum a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu na Jazira a nan Sudan, can wajen Kamlin, shekaru kaɗan kafin yaƙin nan. Ba zan kama sunansa ba. Sunan ma bai cancanci a ɗauke shi a shigo da shi masallaci ba.

Ustaz ne a madrasa, wato malamin makaranta. A kambo aka haife shi, unguwar masu aikin gona da ke bayan tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Uwarsa ta tsinci auduga har bayanta ya lanƙwashe don ya yi karatu. Ya kuwa yi. Ya dawo da farar riga mai guga, da takalmi mai sheƙi, da babur. Tun daga nan ya fara kallon kambo kamar juji. In tsohuwa ta gaishe shi da Hausa a kasuwa, sai ya amsa da Larabci yana duban gefe, kamar an zage shi.

Madrasar tana da wata ƙa'ida mai kyau. Mudir ɗinta, wato shugabanta, Ustaz Salih, shi ya kafa ta. Duk yaron da ya kwana uku bai zo ba, sai a tashi malami ya je gidansu ya gan shi da idonsa. Ba don a yi masa horo ba. Don a san ko ciwo ne, ko yunwa, ko wani abin da iyaye ke jin nauyin faɗa. Da yake tsofaffin kambo sun fi sakewa da Hausa, sai mudir ya ba mutumin nan gidajen kambo. Ya ce masa, "Kai ɗan gida ne. Kai za su buɗe wa ciki."

Ya 'yan uwa, wane ne a cikinmu bai san yadda ake shiga gidan Bahaushe ba? Ka yi sallama, a amsa. Ka tambayi gida, a ce maka lafiya lau, ko da mutum na shure-shure a ɗaki. Wannan ba ƙarya ba ce, ladabi ne. Ba mu tarbar baƙo da kuka a bakin ƙofa. Sai ka shiga, ka tuɓe takalmi, ka zauna a kan angareb, gadon igiya, ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida. A kawo ruwa. A kawo shayi. Sai kofi ya kai rabi, sannan mai gida zai sauke numfashi ya ce, "To, sai dai yarinyar nan..." A nan magana take farawa. Ɗan shekara bakwai ya san wannan. Shi ma ya sani, a cikinsa ya tashi.

Amma ga yadda yake nasa aikin. Ya zo bakin ƙofa, ba ya kashe babur. Ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Ya danna oda. In an leƙo ya ce, "Wane lafiya?" A ce lafiya lau. Ya juya, ya bar musu hayaƙi. Ya koma kasuwa wurin mai shayi, ya buɗe daftarinsa ya rubuta: na ziyarta, lafiya yake. Har alfahari yake yi wai yakan gama gida shida kafin shayinsa ya huce. Ku ji fa abin da mutum ke alfahari da shi.

Akwai wata yarinya a aji biyar, sunanta Hanaa. Uwarta ta rasu. Ubanta, Adam, ya tafi Gadarif yankan riɗi da dawa, ya bar ta wurin kakarta Barakatu, tsohuwar da idonta ya yi rauni. Tun bara ƙaya ta soki yarinyar a tafin ƙafa, tana yankan ciyawar awaki a bakin tur'a. Wurin ya kumbura a hankali, ya fara hudowa yana ruwa. Ciwon nan ne da ake kira nabit, kun san shi, ba ya gaggawa kuma ba ya ja da baya. Ta yi ta ɗingisawa zuwa madrasa har ƙafar ta ƙi shiga takalmi. Daidai lokacin da auduga ta buɗe, ta daina zuwa.

Aka tura ustaz. Ya zo ya danna oda. Tsohuwa ta fito tana lalube da bango.

"Maraba, Ustaz. Sauko ka sha ruwa."

"Sauri nake, Hajja. Hanaa lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Shigo mana, ɗana, ga shayi bisa wuta."

"Wata rana."

Tsakaninsa da yarinyar taki goma ne, zana ɗaya ta raba su. Da ta ji muryarsa ta yunƙura ta zauna, ta gyara ɗankwalinta, ta rufe ƙafar da zane, ta ɗauko littafinta na lissafi ta buɗe a cinya don ya ga ba ta bar karatu ba. Tana riƙe da shi har ƙarar babur ta ɓace.

Da mudir ya tambaye shi, sai ya ce, "Auduga ce. 'Ya'yan kambo in auduga ta buɗe ba ka ganinsu. Na san su." Wai ya san su! Mutumin da bai san launin tabarmar gidan ba.

Ya koma karo na biyu, haka. A karo na uku tsohuwar ta yi abin da ba ta saba ba. Ta miƙa hannu ta kama kan babur ta ce, "Ustaz, ko da tsaye ne, ka leƙa." Kun san nauyin da tsohuwa za ta haɗiye kafin ta faɗi haka ga namiji baƙo? Ita ba ta san asibiti ba. Garin bagaruwa take barbaɗawa, tana ɗaure wurin da tsumma. A ganinta ustaz shi ne hukuma, in ya gani zai faɗi abin yi. Shi kuwa me ya gani? Ya ga hannunta da toka, ya ga farar rigarsa. Ya ce, "Saki, Hajja, za ki ɓata ni."

Karo na huɗu ma bai je ba. Daga wurin mai shayi ya rubuta.

Wata huɗu ana wannan. Akwai wata malama a madrasar, Ustaza Ibtisam, mutuniyar Rufa'a. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Jarrabawa ta matso, ta ga har yanzu gurbin Hanaa a benci babu kowa, kuma an gama tsintar auduga tuni. Ran Alhamis bayan an tashi, ta taka da ƙafa, ta haye katakon gadar tur'a, ta tambayi gidan. Ta tuɓe takalmi. Ta zauna. Aka kawo mata shayi ba madara, ta sha. Ba su da harshe ɗaya ita da tsohuwar, amma kofi bai kai rabi ba tsohuwa ta kama hannunta ta kai ta bayan zana, ta ɗaga zanen.

Washegari aka kai yarinyar asibiti a Madani. Likita ya duba ya ce da an kawo ta lokacin da ta daina takawa, da an kankare wurin ta koma gida da ƙafafunta biyu. Yanzu ya shiga ƙashi. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Aka aika wa Adam, ya baro gona ya zo. Kun san mu ba ma yar da gaɓar ɗan Adam, binne ta muke yi. Ya karɓi ƙafar 'yarsa naɗe cikin farin ƙyalle, ya hau mota ya dawo ƙauye. Bai nufi gida ba. Ya ari fartanya a hanya, ya shiga madrasa da hantsi, daidai lokacin da yara suka fito cin abinci, malamai na zaune a inuwa. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya gaban mutumin nan ya ce:

"Ustaz, an ce sau huɗu ka rubuta ɗiyata lafiya take. To, ga lafiyar na kawo. Zo ka taya ni haƙa."

Mutumin ya dubi mudir, ko zai cece shi. Mudir ya ce, "Tashi."

Ya tashi. Ya bi bayan Adam da ƙafa, ta tsakiyar kasuwa, ta gaban mai shayinsa. Mutane suka bar abin da suke yi suka biyo. A maƙabarta aka miƙa masa fartanya. Baƙar ƙasar Jazira ta rani, kun san taurinta. Ya sara, ya sara, gumi na zuba, ba wanda ya ce kawo in karɓe ka. Ramin ƙarami ne, na ƙafar yarinya 'yar shekara sha ɗaya, amma ya daɗe bai gama ba.

Ko a nan bai san ya yi shiru ba. Ya ɗago kai ya ce, "Ai Hajja ce da bakinta ta ce mani lafiya lau."

Wani dattijo ya ce, "A bakin ƙofa ka tambaya. Kai, wace uwa ce ta haife ka da ba ta koya maka zama a gidan mutane ba?"

Mata suna tsaye daga nesa, bayan itatuwa. Daga cikinsu wata murya ta ce, "Na koya masa." Uwarsa ce. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya gida.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Majalisar iyaye ta zauna, aka rubuta takarda, aka sallame shi. Gidan da yake neman aure suka mayar masa da kayansa, uban yarinyar ya ce ba ya ba da 'yarsa ga wanda za ta yi ciwo a ɗaki yana tambayarta daga waje. Ya sayar da babur ya gudu Rusairis, can wajen Damazin, yana zaton can ba a san shi ba. Ya manta mu Hausawa zare ɗaya ne, daga Jazira har Damazin. Labarin ya riga shi sauka. Babu madrasar da ta yarda ta ba shi ko allon gogewa. Wanda ya gan shi na ƙarshe ya ce a tasha yake, yana kiran fasinja, muryar ta dushe. In ya ji ana Hausa a cikin mota, sai ya koma bayanta ya tsaya har ta tashi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai daki kowa ba. Bai saci komai ba. Sallarsa biyar yake yi, a sahun gaba ma. Laifinsa an ba shi amanar ya je ya gani, sai ya je bai gani ba, ya kuma shaida cewa ya gani. Da ya ce ba zan je ba, da ya fi. Da an tura wani tun da wuri. Amma rubutunsa ya rufe ƙofar, kowa ya kwantar da rai an duba yarinya. Girman kai ne ya hana shi sauka, shaidar zur ta ƙarasa sauran.

Kada wani ya ce ni ba ustaz ba ne. Maƙwabcinka da ka kwana biyar ba ka gani a sahu ba, ka je? Ɗan ƙanwarka da ya daina wucewa da jakarsa da safe, ka tambayi dalili? Ko kai ma daga nesa ka ɗaga hannu, aka ce lafiya, ka ji daɗi an sauƙaƙe maka? Ranar hisabi ba za a tambaye mu ko mun je ƙofa ba. Za a tambaye mu abin da ke cikin ɗakin.

Hanaa ta koma madrasa. Ubanta ya sassaƙa mata sanda. Tafiyar da sauran yara ke yi cikin minti goma sha biyar, ita takan fito tun rana ba ta yi zafi ba, ta huta sau uku a hanya. Wajen katakon tur'a sai an riƙe ta.

Allah ya sauƙaƙa mata hanyarta, ya musanya mata da abin da ya fi. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da raina gidajen da suka haife mu, ya kiyaye mu da shaidar abin da idonmu bai gani ba. Amin.