Wanda Ya Ja Rijiyar Dangi Har Ta Kawo Gishiri

An yi wani mutum a nan ƙasar tamu ta gabashin Siriya, a wani ƙauye can gaba da kogin Habur. Ba zan kama sunansa ba, kuma ku da kuka fara duban juna, ku daina. Ba mugu ba ne. Idan mace ta fara naƙuda, motarsa ake nema, kuma ban taɓa jin ya ce a zuba masa mai ba.

Danginsu suna da rijiyar mai guda, irin ƙananan nan da manyan kamfanoni suka raina suka bari. Gidajen dangin suna karɓa-karɓa, yau wannan gida ya ɗiba ya sayar, gobe wancan. Da ita ake sayen gari da maganin tsofaffi, tun da damina ta fara yi mana rowa. Wanda ke bin bayan mutumin nan a layi kuwa Wadha ce, matar yayansa da ya rasu, mai marayu.

Ya 'yan uwa, kun san halin irin wannan rijiya. Mai yana kwance ne a kan ruwan gishiri, kamar yadda kitse ke taruwa a kan romo. In ka ja a hankali, mai ne zai zo. In ka ja da ƙarfi, ruwan zai taso ya tare bakin bututun, kuma in ya taso ba ya komawa. Shi ya sa Baffa Jad'an, dattijon dangin, ya sa aka shafa jan fenti a jikin famfon, aka rantse a zaurensa ba mai murɗawa ya wuce wurin.

Sai hukuma ta tuna da su. Da farko ta ce kada a sayar wa kowa sai dillalinta, a farashin da ta yanka. Aka yi gunaguni aka bi. Daga baya ta ce sai an yi lasisi, lasisin kuma a birni yake, sharuɗɗansa an ɗinka su ne daidai jikin kamfani mai injiniyoyi da lauyoyi. Baffa Jad'an ya yi ta kai da kawo har takalminsa ya tsinke, lasisin bai samu ba. Can sai labari ya zo cewa bayan girbin alkama za a toshe duk ƙananan rijiyoyi da siminti.

Ranar nan zauren ya cika. Wani ɗan baffansu mai baki, Halaf, ya ce, “To, Baffa, sai mu fara koyon cin siminti. Ka tambayar mana su, da miyar kuɓewa ake ci ko da shayi?”

Baffa Jad'an ya ce, “Kai dai bakinka ko an toshe da siminti sai ya tsage. Ku saurara. Har yau ba su zo ba. Ranar kowa tana nan, jan fentin ma yana nan.”

Kowa ya yi dariya ban da mutumin nan. Shi lissafi yake yi a zuci, kuma wallahi na san nauyin da ke kansa: 'ya'ya birjik, uwa kwance, gona ta bushe. Shaiɗan bai zo masa da maganar sata ba, ai ya fi haka wayo. Cewa ya yi da shi, tunda toshewa za a yi, wa kake bar wa? Abin da ka bari a ƙasa, ba na hukuma ya zama ba?

Da ranarsa ta zagayo, ya ari babban inji a wani gari, ya murɗa famfon ya wuce jan fenti. Rabon hukuma ya ba dillalinta, sauran kuma tanka ta kwashe ta bayan tudu zuwa wajen masu dafa ɗanyen mai. Kafin la'asar ya mayar da komai yadda yake. Washegari Wadha ta ɗibi nata lafiya lau. Wannan ne ya cuce shi, don da rijiyar ta nuna tun a ranar, da ya tsorata. Ya sake, ya kuma sakewa.

Wata safiya Wadha ta tsaya a bakin rijiya, aka kunna inji, abin da ya fito ruwa ne ja-ja mai wari, da ɗan mai yana yawo a kai. Aka bar ta ta huta kwanaki, aka sake gwadawa, ruwan ne dai. Ba a wahala wajen gano dalili ba, domin direban tankar ya riga ya cika wurin masu shayi da labarin irin lodin da yake yi.

Wadha ta same shi a ƙofar gida. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Baffan yara, ashe ranata ce ka sha? Da ka faɗa min kana cikin matsi, ai da na ba ka rabi. Yayanka ma da haka zai yi.”

Ya ce, “Toshewa za su yi fa, Wadha.”

Ta ce, “To da ka bari su su toshe. Da na san wanda zan zaga.”

Bayan girbi ma'aikatan hukuma suka zo, kuma ga abin da ke sa ni hawaye har yau. Koke-koken mutane sun yi yawa, an sassauta dokar. Duk rijiyar da ke ba da mai za a bar wa masu ita su yi ƙungiya, wadda ta koma ruwa ita za a toshe. Rijiyoyin maƙwabta suka tsira. Tasu aka buɗe, aka duba, aka kira motar siminti.

Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kai shi ƙara. Ya shiga zauren Baffa Jad'an ya zauna, mai zuba gahawa ya ba na damansa, ya tsallake shi, ya ba na hagunsa. Ku kun san abin da wannan ke nufi a wurinmu. Ya tashi ya nemi takalmansa, bai sake shiga ba.

Gidajen suka watse neman abinci. Ranar da Wadha za ta bi motar masu tsinkar auduga da marayunta, shi ya zo ya ɗora mata kaya. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, “Ɗaure da kyau kawai, hanyar da nisa.” Yanzu yana can yana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar dafa mai ta wani, tari ya kama ƙirjinsa. Duk Juma'a yakan zo ya tsaya a sahun ƙarshe.

Ya 'yan uwa, ban ce hukuma ta kyauta ba. Wanda ya zauna a ofis ya tsorata talakawa da doka, sannan ya canza ta bayan tsoron ya yi ɓarna, zai amsa tambaya a gaban Allah. Amma mutumin nan, daga hannun wa ya ƙwata? Hukuma ta yi asarar ko cokali guda? Ya ɗauka yana rama zalunci ne, alhali rabon marayun ɗan'uwansa yake ci. Amana ba ta faɗuwa don an ce gobe za a ƙwace abin, tana wuyanka har ranar da aka ƙwace ɗin. Kuma tsoron talauci ya fi kwaɗayi saurin kai mutumin kirki ga cin amana, domin shi mai tsoro gani yake uzuri gare shi.

In kun gan shi, ku yi masa sallama, ya sha wahalar da ta ishe shi. Allah ya karɓi tubarsa, ya buɗa wa Wadha da 'ya'yanta inda suke. Allah ya kiyaye mu daga tsoron da zai sa hannunmu a rabon wani, ya ba shugabanninmu tausayin na ƙasa. Amin.