Ramin Ƙwaro a Kundin Sarki

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, kuma ba ku san darajar abin da ba ku sha wahalarsa ba. Jiya da hantsi na iske an buɗe adakar marigayi kakanku, an yagi takardunsa an hura gawayi da su, sauran an ƙunshe ƙuli-ƙuli. Da na tambaya aka ce mini wai ai tsofaffin takardu ne. To, ku ma tsufan za ku yi in Allah ya ara muku kwana. Wanda ya yi ya san kansa, ni ma na san shi. Ku natsu ku ji, kada kuma wanda ya katse ni.

A zamanin da, a wata ƙasa, an yi wani sarki ana ce masa Sarki Mamuda. A shekara ta bakwai da hawansa aka yi damina mai ƙarfi, har ganuwar birni ta gabas ta zube tun daga ƙofa zuwa marina. Ga abokan gaba a ƙetaren kogi suna kallo. Sarki ya tara fada ya ce, "Birni ya zama gida babu danga. Bayina ba su isa aikin nan ba, talakawa kuwa suna girbi. Wa zai gina mini ganuwa?"

Wazirinsa, wani mai zaƙin baki ana ce masa Barmo, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wa ke kukan ƙishirwa da rijiya a tsakar gidansa? Masaƙan Tungar Kalgo, gida ɗari biyu, ai bayin gadon sarauta ne. Kakanka ya kamo iyayensu a yaƙi. Sakaci ne ya sa aka bar su har suka manta."

Sarki ya ce, "Ban taɓa jin haka ba. Ni dai na tashi na san su 'ya'ya ne. A kira dattijonsu, a kuma ɗauko kundin kakana."

Abin da ke zuciyar Waziri ba ganuwa ba ce. Mutanen Tungar Kalgo suna da wata fadama da ba ta bushewa rani da damina, shi kuwa ya san bawa ba ya mallakar ƙasa. Tun wata guda kafin wannan rana ya nemi izinin Sarki ya ari kundin, wai zai duba iyakar ƙasa. Kundin ya kwana uku a gidansa. Ya zare falle ɗaya ya ƙone, ya sa wani baƙon marubuci mai gwanin hannu ya rubuta wani, aka kara shi a hayaƙi har ya yi ja kamar 'yan'uwansa, aka sa shi a gurbin. Littattafan wancan zamani ba a ɗinke su, fallaye ne a jere cikin gafakar fata.

Mai tsaron ɗakin kundaye shi ne Malam Zailani. Shekara arba'in mabuɗin yana wuyansa. Duk hukuncin da aka yanke, duk amanar da aka ƙulla, duk wanda aka 'yanta, yana cikin ɗakin nan, a gafaka, rataye da igiya daga rufi don kada gara ta kai. Kowace bazara sai ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa a inuwa, ya juya kowane falle yana karantawa, ya barbaɗa garin tazargade mai korar ƙwari, ya mayar. Akwai kuma doka tun ta uban Sarki: duk mai tsaron da wuta ko ruwa ko ƙwaro ya taɓa kundi a hannunsa, a karɓe mabuɗi, ya fita daga gidan da aka ba shi.

Malam Zailani yana da wani abu da yake ɓoyewa. Shekara tara da suka wuce ciwon kurkunu ya kwantar da shi bazara guda, bai yi shanya ba. Da ya warke ya buɗe kundin kakan Sarki, sai ya iske ƙwaro ya huda shi ta kusurwar ƙasa, rami ɗaya siriri, tun daga fallen farko har na ƙarshe. Bai taɓa rubutu ba, amma ya taɓa kundi. Malam bai gaya wa kowa ba sai matarsa Tasalla.

Aka kawo kundi fada, Waziri ya buɗe da kansa ya karanta. Takarda ta ce an kamo mutanen nan a yaƙi, su da zuriyarsu mallakar gadon sarauta ne. Dattijon masaƙa, wani tsoho mai suna Jatau, ya dafa ƙasa da hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, yunwa ce ta koro kakanninmu, ba mashi ba. Da ƙafarsu suka zo, kakanka ya ba su amana. An ba mu takarda, gobarar shekarar fari ta cinye ta. Shekarata saba'in, yau ne za a ce mini ni bawa ne? Jikokina fa?"

Malam Zailani ya matso ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ba shi ne fallen da na sani ba. Sau arba'in ba ɗaya na karanta kundin nan. Amana ce a wurin nan, ba bauta ba."

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tsufa ba laifi ba ne. Ni ma nakan nemi hulata tana kaina."

Fadawa suka yi dariya. Sarki bai yi ba. Ya sa malamai uku suka duba fallen, suka ce hannun ɗaya ne, tawada ɗaya, takarda ma ta tsufa kamar sauran. Sarki ya dubi Malam ya ce, "Ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Amma ba zan ajiye rubutu in kama abin da ke kan mutum ba, ai don gudun haka aka gina ɗakin da kake tsaro. Na ba ka kwana uku, ka kawo mini shaidar da ido zai gani. In babu, ranar Alhamis dogarai su tafi Tungar Kalgo da igiya."

Malam ya koma da kundi. Ya kwana biyu yana duban baƙaƙen fallen, bai sami inda marubucin ya kuskure ba. A rana ta uku da azahar ya gaji, ya ɗaga fallen zai mayar, haske ya bugi takardar, sai ya ga kusurwarta lafiya lau, babu huda. Ya ɗaga na gabansa, ga rami. Ya ɗaga na bayansa, ga rami. Ya zauna riƙe da fallen har Tasalla ta gama tankaɗe ta leƙo.

Ta ce, "Malam, fura ta tsinke tana jiranka. Ko mutuwa aka yi?"

Ya gaya mata abin da ya gani. Ta ce, "Alhamdu lillahi. To me kake zaune yi?"

Ya ce, "Ba ki gane ba. In na nuna fallen da ba shi da rami, sai na nuna masu rami. Dokar uban Sarki tana nan. Mabuɗi zai tafi, gidan nan ma zai tafi. Shekara arba'in, Tasalla. A ce a hannuna ƙwaro ya shiga, kuma na ɓoye."

Ta ce, "To a hannun wa ya shiga? Nawa?"

Ya ce, "Ciwo ne ya kwantar da ni."

Ta ce, "Ciwon ne ya riƙe maka baki shekara tara? Ka ji ni, Malam. Da ka auro ni a ɗakin kara ka ajiye ni, ban mutu ba. Amma in aka ɗaura wa jikokin Jatau igiya kana da abin faɗi ka haɗiye, wallahi ba ni ƙara dama maka fura a gidan nan. Ka sha mabuɗin."

Ya ce, "Ke dai bakinki bai tsufa ba."

Ta sunkuya ta zare tsinke ɗaya daga tsintsiyarta, ta miƙa masa ta ce, "Ungo. Idon Sarki ba ya gani sosai, kowa ya sani, tsoron faɗi ake yi. Ka ba shi abin da hannunsa zai ji."

Ranar Alhamis fada ta cika, dogarai na ƙofa da igiyoyinsu. Malam Zailani ya shigo da gafaka, ya faɗi ya yi gaisuwa. Kafin ya ce komai ya cire mabuɗi daga wuyansa ya ajiye a gaban Sarki.

Sarki ya ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, laifina zan fara faɗi, don shaidata a cikinsa take. Shekara tara ke nan ƙwaro ya huda kundin kakanka a hannuna, na ɓoye maka. Ga mabuɗinka. Yanzu ina roƙon ka karɓi tsinken nan, ka daidaita fallayen, ka zura shi a ramin da ke kusurwa."

Sarki ya karɓa, ya laluba da yatsa har ya sami ramin, ya zura. Tsinke ya shiga, ya shiga, sai ya tsaya cak.

Malam ya ce, "A ɗaga duk fallayen da tsinke ya ratsa, a ga wanda ya tare shi."

Aka ɗaga. Fallen da ke ƙasa shi ne wanda Waziri ya karanta. Sarki ya zare shi ya ajiye gefe, ya mayar da sauran, ya sake zura tsinke. Tsinke ya wuce har ya taɓa fatar gafaka.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwaro dabba ne, ba a shari'a da shi. Wataƙila tsallakewa ya yi."

Sarki ya ce, "Wannan ƙwaro mai ladabi ne. Ya ci ɗari a sama, ya ci ɗari a ƙasa, da ya zo kan naka sai ya yi gaisuwa ya kewaye?"

Waziri ya ce, "To ai mabuɗi a wuyan Malam yake. Shi za a tambaya."

Sarki ya ce, "Mutum ya sauya takarda, sa'an nan ya zo ya tona kansa, ya rasa gida a kanta? Malam, tun da aka yi ramin nan sau nawa kundin ya bar ɗaki?"

Malam ya ce, "Sau ɗaya, kafin ranar da aka karanta shi a nan. Kwana uku."

Sarki ya ce, "Na tuna. Ni na ba da izini da bakina." Ya juya ga Waziri ya ce, "Barmo, ina fallen kakana?"

Waziri ya dubi ƙasa. Aka tambaye shi sau uku, a na ukun ya ce, "Wuta ta ci."

Sarki ya ce wa Malam Zailani ya faɗi abin da ke cikin fallen da aka ƙone. Malam ya rufe ido ya karanto shi da ka, malamai uku suna riƙe da na gaba da na baya. Inda ya fara ya haɗu da ƙarshen na gaba, inda ya tsaya ya haɗu da farkon na baya, ko kalma ba ta yi saura ba. Amana ce: baƙi da yunwa ta koro, 'ya'ya ne su da zuriyarsu, fadama tasu ce muddin suna nomanta. Jatau ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka, babu wanda ya hana shi.

Sarki ya ce, "Jatau, ka koma ka gaya wa mutanenka babu igiya a wuyan kowa. Malam, ka rubuta fallen nan da hannunka, malaman nan su sa shaida, a yi biyu, ɗaya a kai Tungar Kalgo." Sa'an nan ya dubi mabuɗin da ke gabansa ya ce, "Dokar ubana kuwa ba zan karya ta ba, ko don kai. In na karya ta yau, gobe wani ya karya amanar kakana. Mabuɗi ya bar wuyanka. Amma kai za ka zaɓi wanda zai ɗauka, kuma ba zai sauke gafaka ko ɗaya ba sai kana zaune."

Malam ya ce, "Na ji, na gode. An yi mini adalci." Ran nan da la'asar shi da Tasalla suka kwashe kayansu. Haka ya kamata. Mai laifi ya biya, ko da mutumin kirki ne. Masaƙa suka zo suka yi wa Malam ɗaki biyu da zaure a bayan masallaci, babu wanda ya sa su.

Ganuwa kuwa, bayan girbi Sarki ya yi shela, kowace unguwa ta ɗauki rabonta, mutanen Tungar Kalgo ma suka ɗauki nasu kamar kowane ɗa.

Shi Barmo, a gaban fada aka warware masa rawani. Aka karɓe gidansa da gonakinsa da dawakinsa. Aka ba shi kwando da gammo, ya yi rani uku yana ɗaukar ƙasa a ka zuwa ganuwar gabas, mutumin da da ko takalminsa ba ya cirewa da kansa. Da aka gama ginin ya roƙi Sarki abu ɗaya, a ƙone fallen ƙaryar. Sarki ya ƙi. Aka rubuta sunansa da na ubansa a bayan fallen, da abin da ya yi, da ranar da ya yi, aka ba fallen gafaka tasa shi kaɗai aka rataye. Barmo ya mutu, 'ya'yansa suka mutu. Har jikokin jikokinsa, duk wanda ya tashi neman sarauta a ƙasar nan, ko da ta mai unguwa ce, ba a yi masa gardama. Sai dai a aika a sauko da gafakar, a karanta masa a gaban jama'a, ya tashi ya kama hanyar gida.