Ƙuri'ar Mama Odessa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan tsakiyar birni, a mazaɓa ta huɗu, tsakanin kogi da layin dogo. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye. Aikinsa kula da wani bene mai hawa goma sha biyu inda tsofaffi ke haya. Shi ke gyaran famfo, shi ke kwashe dusar ƙanƙara a bakin ƙofa, kuma makullan akwatunan wasiƙu duk suna hannunsa.

Da zaɓen kansila ya ƙarato, sai na hannun daman kansila mai ci, wani Dwight Pruski, ya same shi yana shara. Ya ce, "Mutumina, tsofaffin nan naka ba sa iya zuwa rumfar zaɓe, ta wasiƙa suke yi kamar sauran tsofaffin Amurka. Ka taya su cike takardun ƙuri'ar mana. Ɗakin da kake ciki kyauta, ai ka san wanda ya sa baki."

Ya fara da Mama Odessa, makauniya a hawa na tara, wadda ke ajiye masa burodin masara duk Lahadi. Ya karanta mata sunayen 'yan takara. Ta ce, "Ɗana, sa mini Lucinda Barragan. Ita ce ta rantse ba za a sayar da gidan nan ba." Ya ce, "An gama, Mama." Ya dangwala wa kansila, sannan ya kama yatsunta ya kai su inda za ta sa hannu.

A wannan ƙofa ya yi jinkiri. A ta gaba bai yi ba. Kafin mako ya zagayo har waɗanda aka binne bara sun yi zaɓe, don takardunsu ba su daina zuwa akwati ba. Ƙuri'a hamsin da uku ya cike. Kansila ya tsira da ratar talatin da ɗaya.

Ba a yi wata takwas ba majalisar birni ta amince a mai da benen otal. Kansilan nan ne ya fara ɗaga hannu. To, wa aka ba takardun tashi ya liƙa ƙofa-ƙofa? Mutumin namu.

Ya garzaya wurin Pruski ya ce, "Ba haka muka yi ba." Pruski ya yi dariya. "Me muka yi? Ni ko takarda ɗaya ban taɓa ba. Rubutun wa ke jiki? Je ka liƙa, maigida. Kuma zaɓen magajin gari na tafe kafin su tashi, ƙuri'a saba'in nake so."

Ina zai sa kansa, ya 'yan uwa? In ya yi magana, gidan yari. In ya yi shiru, sai ya ƙara. In ya gudu, rubutunsa na nan. Gaba kura, baya sayaki. Ya liƙa takardun, ya kuma cike saba'in ɗin. Ko famfon hawa na tara ya fashe, sai dai ya tura wani.

Ranar tashi, cikin tsananin sanyi, ya tarar da Mama Odessa zaune kan akwatinta tana jiran motar da za ta kai ta gidan gajiyayyu a bayan gari. Ta gane takunsa, ta laluba ta kama hannun rigarsa. "Kada ka sa wa ranka, ɗana. Ni da kai mun yi namu. Allah ya ga abin da muka zaɓa." Sanyin bai wuce ba ta rasu.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata mata ta je a cire sunan mahaifinta daga rajistar zaɓe, aka ce mata ai ya yi zaɓe sau biyu bayan jana'izarsa. Masu bincike suka bi rubutu har ɗakin mutumin. Da aka tambayi Pruski sai ya ce, "Mai sharar nan? Ko sunansa ban sani ba." Alƙali ya yanke masa shekara huɗu. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma wurin yayarta.

Na ziyarce shi a gidan yari. Ya ce mini, "Malam, ɗaurin nan bai dame ni ba, na daɗe a ɗaure kafin a kawo ni. Amma wa zan roƙa ya yafe mini? Ta mutu tana sa mini albarka."



Ya 'yan uwa, ƙuri'a shaida ce, shaida kuwa amana ce. Wanda ya sauya ta makaho ya yi ƙarya da bakin wani. Kuma cin amana ba a yinsa sau ɗaya, domin wanda ya sa ka ranar farko shi ke riƙe da wuyanka har abada. Ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, mai shi kuwa ba ya jira.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya miƙa mana hannunsa. Allah ya sa mu nemi gafarar mutane tun suna jin mu. Amin.