Jajayen Duwatsun Kombo

Akwai wani mutum a nan Bagamoyo, a bakin tekun Gabashin Afirka, mai suna Kombo ɗan Shomari, a zamanin da ayari ke tashi da ƙafa zuwa Tabora neman hauren giwa. Gara in faɗa muku tun yanzu, duk ranar da na tuna labarinsa sai haushi ya kama ni, don asarar da ya tafka ba ta dole ba ce.

Kombo ba ɗan kasuwa ba ne tun asali. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gonar kwakwa, shi da yayarsa Mwanaisha, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da yara uku. Da gonar nan take riƙe gidanta. Ta sayar da kwakwa, ta matse mai, ta tufka igiya da zaren ɓawon.

Sau ɗaya tak Kombo ya taɓa bin ayari, ya raka wani Balarabe. A tafiyar ya ga yadda jan dutsen ado ke aiki a ƙauyukan hanya: igiya ɗaya kaza, igiya goma akuya, kaya guda kuma sai a fara maganar haure. Tun da ya dawo ya ishi kowa da zancen.

"Yaya, har yaushe za mu zauna muna jiran kwakwa ta faɗo? Mu sayar da gonar nan. Tafiya ɗaya zan yi, in saya miki wadda ta ninka ta uku."

"Kombo, gonar nan ita ce shinkafar yarana. In ta tafi me zan ɗora a murhu?"

"Haba Yaya! Ni fa na je na gani da idona."

Wata guda yana mata naci, safe da yamma, har ta gaji ta ce to. Aka sayar da gonar riyal ɗari huɗu, da kasonsa da nata.

Ya nufi shagon masu duwatsu, sai ya tarar jan dutse ya faɗi, ya koma rabin kuɗinsa na bara. Mai shagon, wanda ba a taɓa jin ya yi wa kowa ragi ba, ya shimfiɗa masa tabarma, ya zuba masa gahawa, har da gyara. Kai jama'a! Wannan kaɗai bai isa mutum ya tsaya ya tambayi dalili ba? Shi kuwa Kombo cewa ya yi ya tsinci garaɓasa. Ya kwashi kaya talatin na ja zalla, ya ƙara da yadin akoko kaya shida kawai.

Alhali ko yaron shago ya san yadda ake yi. Tsofaffin fatake ba sa sayen dutse sai sabon ayari ya sauka. Su je masaukin 'yan dako, su dubi wuyan matan da suka biyo mazajensu, su tambaye su launin da ake yayi. A can cikin ƙasa, nesa da teku, dutse shi ne kuɗi, kuma mata ne ke yanke wanda ke ci da wanda ya mutu.

Madugun da Kombo ya ɗauka wani dattijo ne ɗan ƙabilar Nyamweze mai suna Masanja. Da ya zo ɗaure kaya ya ga ja ko'ina, sai ya tsaya cak.

"Maigida, duka ja ne?"

"Duka. Akwai magana?"

Masanja ya kira matarsa Nyamizi, wadda ke dafa wa ayari abinci. Ta ɗaga igiya ɗaya ta duba, ta mayar.

"Maigida, ja ya mutu. Bara kowane ayari shi ya kai, har ya zama na wasan yara. Yanzu ƙanana farare ake so, irin na wuyana. Ko rabi ne ka mayar ka canzo."

Kombo ya kwashe da dariya.

"Masanja, kai na ɗauka ka nuna mini hanya. Ban ɗauki matarka ta koya mini kasuwa ba. Ta ji da tukunyarta."

Nyamizi ta ce, "Tukunyar ce ta sa na yi magana. Da dutsen nan zan sayo abin da zan zuba a cikinta."

Ya yi biris da ita. Ko komawa shagon ya gwada bai yi ba. Ayari ya tashi da mutum arba'in.

Makonnin farko lafiya lau, don kusa da teku akoko ake karɓa. Sai dai kowane mai gari da nasa kuɗin wucewa, akoko kuma ya yi ta raguwa. Kafin su shiga ƙasar Ugogo, inda ruwan sha ma saye ake yi, saura kaya ɗaya da rabi.

A wani ƙauye mata suka fito da garin dawa a ƙwarya. Kombo ya ce shi da kansa zai yi cinikin, a gani. Ya miƙa wa wata tsohuwa igiya biyu. Ta kalle su, ta kalle shi.

"Ɗana, wa ya aike ka da wannan?"

"Igiya biyar."

"Jikokina suna da shi cike da tulu."

"Goma, Iya!"

"Ko buhun ka zazzage mini, ci zan yi?" Ta nuna wuyan Nyamizi da baki. "Wancan dai, in ana magana."

Matan suka yi ta shewa. Ran nan, da igiyar wuyan Nyamizi aka sayi garin da mutum arba'in suka sha kunu. Kombo ya sha shi ma, amma ko sannu bai ce mata ba. Cewa ya yi, "Ƙauyawa ne, ba su san kaya ba. Bari mu isa Tabora."

Duk da haka Allah ya sake buɗe masa ƙofa, kuma nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Suka haɗu da wani falke da zai wuce can bayan wani babban tafki, inda ja bai gama mutuwa ba. Ya ce zai karɓi kayan duka, ya ba da akoko a kan sulusin abin da aka saye su.

Masanja ya ja Kombo gefe.

"Maigida, don Allah ka karɓa. Sulusi zai ciyar da mutane, ya sayi ƙananan haure biyu ko uku. Ka koma gida da wani abu a hannu."

"Sulusi? Ni za a raina wa hankali? Tun da yana so, ai ka ga kayan suna da daraja."

"Yana da wata huɗu a gabansa kafin ya sayar, kuma yana da abin ciyar da mutanensa. Kai kwana nawa gare ka?"

"Na ce a'a."

Falken ya ɗaga kafaɗa ya wuce abinsa.

Ɗan dako ba ya ɗaukar kaya da yunwa, kuma ba laifinsa ba ne. Yau mutum uku su ajiye kaya a gindin bishiya su bi wani ayari, gobe biyar. Kombo ya yi zagi, ya yi barazana, ya yi lallashi, duk a banza. Da mutum goma sha ɗaya ya shiga Tabora. Sauran kayan suna nan zube a daji, ko ɓarayi ba su taɓa su ba.

A Tabora ya bi gidajen fatake ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya buɗe buhu sai a kai shi ɗakin ajiya a nuna masa nasu jan da ya yi kwantai, jibge har rufi. Wani ma ya ce masa, "In kana son ƙari, ɗauki kyauta, ka rage mini wuri." Abin da ya samu a ƙarshe bai wuce na abincin wata guda ba.

Ga gida tafiyar wata uku, kuma ba a bin hanyar nan mutum ɗaya. Masanja ya riga ya samu sabon aiki, zai kai hauren wani attajiri bakin teku. Kombo ya yi kwana biyu yana kewaya masaukinsa kafin ya iya buɗe baki.

Masanja ya ce, "Ba ni da wurin ɗan rakiya. Ɗan dako nake nema. Haure ɗaya a kafaɗa, abinci sau ɗaya da yamma. Za ka iya?"

"Zan iya."

Nyamizi ta matso kusa da shi. Ta naɗa masa tsumma ya sa a kafaɗa, don haure yana cin fata.

Ranar da ayarin ya shigo Bagamoyo aka yi ta harba bindiga ana kiɗa, gari ya fito kallo. Mwanaisha tana can tana ɓare kwakwa a gonar ubanta, aikin yini take yi wa sabon mai ita. Ta ji kiɗa ta yar da wuƙa ta rugo. Can ta hango ƙanenta, ya rame ya yi baƙi, da ƙaton haure a kafaɗa.

Ta rangaɗa guɗa.

"Kombo ya dawo! Jama'a, ku ga hauren ƙanena!"

Ta bi shi gefe da gefe tana rawa, maƙwabta suna taya ta murna. Shi kuwa kansa a ƙasa, ya kasa ce mata ta daina. Haka suka tafi har ƙofar gidan attajirin. Ya shiga layi, ya sauke hauren, aka miƙa masa ladansa kamar kowane ɗan dako.

Mwanaisha ta dubi 'yan riyal ɗin da ke tafinsa.

"Sauran naka suna baya ne?"

"Yaya, ba nawa ba ne. Dako na yi."

"Gonar fa?"

Ta daɗe tana kallon gyambon da ke kafaɗarsa. Sannan ta gyara ɗaurin zaninta.

"Je ka gida, akwai sauran shinkafa a tukunya. Ni bari in koma, in na daɗe mai gonar zai yanke mini kuɗin yau."

Darasi: Kafin ka zuba jari, musamman in da haƙƙin wani a ciki, ka tambayi wanda ke taɓa kayan da hannunsa kullum, ko da kana ganin bai kai ka ba. In ka ga kaya sun yi araha ba dalili, ka nemi dalilin. In kuma asara ta riga ta shigo, ka karɓi ƙaramar tun da sauran abin ceto. Ku tura wa duk ɗan'uwan da ke shirin sayar da gado don wata kasuwa da ya gani sau ɗaya.