Kafintan da Ya Ƙi Ajiye Rimot

An yi wani kafinta mai suna Irmiya, gwani ne ƙwarai. In ya ja layi a kan katako, ko ma'auni ba ya nema. Yana da 'ya guda ɗaya, Liyatu, wadda kullum take tarbarsa a bakin ƙofa in ya taso daga shago.

Da Kirsimeti ta zo, sai ƙanensa Kefas ya iso daga birni da wani wasa da ake haɗawa da talabijin. Tseren motoci ne. Kowa zai riƙe rimot da hannu biyu kamar sitiyari, in ya karkata shi dama motarsa ta bi dama, in hagu ta bi hagu. Amma kafin a tashi, dole kowa ya ajiye nasa a kan tebur, ya ɗauke hannu har a ƙirga uku, domin rimot ɗin ya san yadda daidai yake.

Kwana uku Liyatu ba ta tarbi babanta ba. Tana manne da Kefas a gaban talabijin, Baba Kefas kaza, Baba Kefas kaza. Abin ya ci Irmiya a rai. Wai shi da ya goyi Kefas a bayansa, yau Kefas ne zai ƙwace masa 'ya da abin wasa! Kishi ya hana shi jin daɗin tuwo.

A rana ta huɗu ya ce a ba shi rimot, zai kayar da Kefas a gaban yarinyar. Aka ce kowa ya ajiye. Kefas ya ajiye nasa. Shi kuwa gogan naku ya riƙe nasa a karkace, ya leƙa yana hararar yadda Liyatu ta jingina da kafaɗar ƙanensa. Aka ƙirga uku yana haka.

Aka tashi. Irmiya ya miƙe hannu sak, amma motarsa ta yi hagu ta faɗa rami. Aka sake, bai ajiye ba, ta sake faɗawa. Sau uku ke nan. Kefas ya ce masa a hankali, "Yaya, ajiye shi tukuna."

Ina! Irmiya ya miƙe tsaye yana huci. Ya ce da gangan aka ba shi lalatacce don a kunyata shi a gaban 'yarsa, kuma in raini ne ya kawo Kefas, to ya tattara kayansa ya koma inda ya fito. Kefas ya naɗe wayoyinsa, ya yi sallama da matar yayansa, ya kama hanyar tasha tun rana ba ta yi sanyi ba.

Liyatu ta tsaya tana kallon talabijin da babu komai a ciki, hawaye na zuba. Ta ce, "Baba, ni na roƙe shi ya koya mini, don ni ma in koya maka mu riƙa yi tare."

Irmiya ya juya ya dubi ƙofa, amma Kefas ya riga ya tafi.

To, ma'anar wannan misali ke nan. Rimot ɗin zuciyar mutum ce, teburin kuwa gaban Ubangiji ne. Wanda ya ƙi ajiye zuciyarsa a gaban Allah, ya fara tafiya da kishi a ciki, zai ga kamar yana tafiya daidai, har ya rantse, alhali tun farko a karkace ya tashi. In ya faɗi, sai ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

'Yan'uwa, wani a nan yana jin zafin muryar wata a ƙungiyar mawaƙa. Wata tana jin haushi don an yabi girkin ƙanwarta. Kafin ka buɗe baki gobe, ka durƙusa ka ce, "Ya Ubangiji, ga zuciyata, daidaita ta." Irmiya ya ji tsoron rasa 'yarsa, alhali ba wanda yake ƙwace ta. Da bakinsa ya kori ƙanensa, ya kuma sa ta kuka.