Ulun da Baba Ya Tara Shekara Huɗu

A wani gidan masu saƙa darduma akwai wani mutum da kowa ke kira Yanzu-yanzu. Ya haura shekara talatin, kuma hannunsa na da kyau a saƙa, sai dai haƙuri ne Allah bai ba shi ba ko ƙanƙani. In aka ce masa aiki na kwana uku ne, sai ya tambaya ko ba za a iya gama shi kafin la'asar ba.

Mahaifinsa shi ne babban masaƙin gidan. Shekara huɗu tsohon ya yi yana tara wani ulu na musamman, wanda ake askewa daga wuya da kafaɗun lafiyayyun tumaki, kuma ɗan kaɗan ake samu a shekara. Ulu ne mai dogon sili, ga laushi, ga wani maiƙo nasa na halitta da ke sa darduma sheƙi, ya kuma hana datti kama ta. In ka damƙe shi ka saki, sai ya miƙe ya koma yadda yake. Da shi Baba yake so ya saƙa dardumarsa ta ƙarshe, domin likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa ganinsa ba zai wuce wata shida ba.

Gadon bayan Baba ba ya jure sunkuyo, saboda haka ya damƙa wa ɗansa wankin ulun.

Ya ce, "Da ruwan sanyi za ka wanke shi, kaɗan-kaɗan. Ka jiƙa ka tsame, kada ka cuɗa. A inuwa za ka shanya. Kwana goma zai ɗauke ka."

"Haba Baba, kwana goma? A kan gashin tunkiya?"

"Goma na ce, ba tara ba."

Yanzu-yanzu ya daure kwana biyu. A rana ta uku, da Baba ya tafi asibiti, sai ya tsaya ya dubi buhunan da suka rage, ransa ya ɓaci. Ya ce a zuciyarsa ai mutumin da ganinsa ke tafiya bai kamata a ɓata masa kwana goma ba. Kai ka ji mai gaggawa, kullum yana da hujja! Ya tafasa ruwa a babbar tukunya, ya zuba garin sabulu, ya juye ulun duka, har da wanda ya riga ya wanke, wai don farin ya zo ɗaya. Ya sa sanda ya yi ta juyawa yana kirɓawa, sannan ya shanya a tsakar rana.

Ulun ya yi fari fat, Yanzu-yanzu har da murmushi. Amma da ya bushe sai ya tarar ya cure wuri ɗaya, ya zama wani faifai mai tauri. Ya sa mataji, haƙoran mataji suka karye. Ya ja da hannu, ko sili ɗaya bai fito ba.

Da Baba ya dawo, ya durƙusa ya shafa abin, ya kai hanci ya shinshina.

"Baba, so na yi in rage maka jira."

Tsohon ya ce, "Ka rage, ɗana. Yanzu ba abin da nake jira."

Yanzu-yanzu ya bi makiyaya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce sai askin baɗi. Kafin baɗin, idanun Baba sun rufe. Ya sa aka shimfiɗa masa curarren ulun nan a ƙofar ɗakin saƙa, a kansa yake wuni. In baƙo ya tambaye shi ina dardumar da ya daɗe yana zancenta, sai ya dafa abin da yake zaune a kai ya ce ga ta nan. Ɗansa yana cikin ɗakin yana ji, kuma ba ranar da maganar ba ta soke shi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abu mai daraja yana da hanyar da ake bi da shi, kuma wanda ya san hanyar ba a banza yake gindaya sharaɗi ba. Kyakkyawar niyya ba ta gyara ɓarnar gaggawa. Kwana takwas Yanzu-yanzu ya ƙi jira, ya salwantar da wahalar shekara huɗu da kuma sauran ganin mahaifinsa.